Yadda ake rubuta kg, km da sauran alamomin awo

A jikin buhun shinkafa za ka ga an rubuta "50KG", a wani "50 Kgs.", a wani kuma "50kg". Duk ukun sun saɓa wa ƙa'ida. Daidai shi ne 50 kg.

Ƙa'idar ta fito ne daga tsarin awo na duniya da ake kira SI, wanda babban taron ƙasashe kan ma'aunai ya amince da shi a 1960. Ofishin da ke kula da shi yana garin Sèvres, kusa da Paris, kuma an kafa shi ne bisa yarjejeniyar mita ta 1875. Abin da tsarin ya tsaya a kai shi ne, kg (kilogiram) da m (mita) da s (daƙiƙa) alamomi ne kamar na lissafi, iri ɗaya a kowane harshe. Shi ya sa ba a ɗiga musu aya sai in a ƙarshen jimla suka faɗo, ba a kuma ƙara musu "s" don nuna yawa. Kilo ɗaya 1 kg, kilo ɗari 100 kg.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen babban baƙi da ƙarami. Alamomin ma'aunan da ba daga sunan mutum aka samo su ba da ƙaramin baƙi ake rubuta su: m, g, s. Wanda aka samo daga sunan mutum kuwa da babba yake farawa: W daga James Watt, V daga Volta, A daga Ampère, Hz daga Hertz. Babban K na kelvin ne, ma'aunin zafi, don haka k ɗin kilo ƙarami ne har abada. Lita ce kaɗai aka yi wa sassauci a 1979, aka ce a rubuta l ko L, saboda ƙaramin l yana kama da lamba 1.

Wani zai ce wannan ai tsanani ne. To, ƙaramin m a farkon alama yana nufin kashi ɗaya cikin dubu, babban M kuma miliyan. Tashar lantarki ta Kainji an gina ta ne a kan 760 MW. Rubuta 760 mW, ka mayar da ita abin da bai kai wat ɗaya ba. Haka mg na ƙwayar magani yake zama Mg, wato tan guda, in hannu ya kauce.

Sai tazara. Ana barin fili tsakanin lamba da alama: 20 km, 500 mL, har da 38 °C. Gudun mota 80 km/h ne, ba "kph" ba.

Akwai abin da ya shafi mai rubutu da Hausa musamman. A bakinmu ma'auni ne ke gaba, mu ce kilomita 20, kuma rubuta shi haka da cikakkiyar kalma daidai ne. Amma da zarar ka ɗauki alama, lamba ce ke gaba: 20 km, ba "km 20" ba.

Wajen raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, babban taron ƙasashe kan ma'aunai na 2003 ya yarda da ɗigo ko waƙafi. Ɗan Kano zai rubuta 2.5 kg, ɗan Maraɗi 2,5 kg bisa al'adar Faransanci. Rikicin yana tasowa a dubbai: 1,500 kg a Najeriya tan ɗaya da rabi ne, a Nijar kilo ɗaya da rabi. Saboda haka tsarin ya hana sa waƙafi ko ɗigo a nan, ya ce a bar ɗan fili, kamar 15 000 kg. Mai aika takardar kaya ƙetaren iyaka ya kula da wannan.