Waiwaye: Daga hawayen Salisu Buhari zuwa marin Abuja, wa ke da ikon yafe wa zaɓaɓɓe?

A watan Yulin 1999, ko wata biyu ba a yi ba da komawar mulki hannun farar hula, 'yan Najeriya suka ga abin da ba su saba gani ba. Mutum na huɗu a jerin masu mulkin ƙasa ya tsaya a zauren Majalisar Wakilai yana sharar hawaye, yana roƙon abokan aikinsa da iyalinsa da al'ummar ƙasa su yafe masa. Salisu Buhari ke nan, ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Nasarawa ta Kano a jam'iyyar PDP, wanda aka zaɓa kakakin majalisa a farkon watan Yuni.

Mujallar TheNews ta Legas ce ta tono maganar. Ta wallafa cewa a 1970 aka haife shi, ba 1963 ba kamar yadda ya rubuta, wato shekararsa 29, alhali sashe na 65 na kundin tsarin mulki a lokacin ya ce sai mai shekara 30 zai zauna a Majalisar Wakilai. Ta kuma ce digirin da yake iƙirarin ya samo daga Jami'ar Toronto ta Kanada babu shi, jami'ar ma ta ce ba ta san da zamansa ba. Da fari ya musanta, har ya yi barazanar maka mujallar a kotu. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Da hujjoji suka taru sai ya amsa, ya ajiye muƙami, Ghali Umar Na'Abba, shi ma ɗan Kano, ya gaje shi.

Akwai abin da ke sosa mini rai duk lokacin da na tuna wannan labari. Doka ba ta nemi digiri a wurinsa ba, takardar sakandare kawai ta nema. Shekarun ma watanni kaɗan suka rage ya cika su, ga shi kuma a 2018 an sauko da ƙa'idar zuwa 25. Matashi ne mai jini a jika da magoya baya, wanda haƙurin zango ɗaya zai iya kai shi inda yake so da sunansa fes. Gaggawa da son a ce wane ne suka kai shi ya baro, har kalmar “Toronto” ta zama laƙabin takardar bogi a bakin 'yan Najeriya.

Kotun majistare a Abuja ta same shi da laifi bayan ya amsa da bakinsa, ta yanke masa ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 2,000. Ya biya tarar ya tafi gida. A shekarar 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo ya yi masa afuwa da ikon da sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa bayan ya tuntuɓi Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Afuwar nan tana da nauyi a doka, domin sashe na 66 ya hana wanda kotu ta kama da laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa har tsawon shekara 10, ita kuwa afuwa tana share wannan tabo gaba ɗaya. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saka sunansa cikin majalisar gudanarwar Jami'ar Najeriya ta Nsukka, lamarin da ya tayar da ƙura, ganin cewa a kan takardar jami'a ya faɗi.

Tun daga wancan lokaci mutane suka rabu biyu, kuma har yau ba su haɗu ba. Wasu suka ce ɗan'adam tara yake bai cika goma ba, yaron nan ya amsa laifi a bainar jama'a, ya yi kuka, ya sauka da kansa, manya nawa ne suka yi abin da ya fi nasa muni ba su ko sunkuyar da kai ba? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wasu kuma suka ce ai ba da son ransa ya amsa ba, sai da asiri ya tonu ya rasa mafita, sannan wace irin shari'a ce za ta ajiye ɓarawon akuya a kurkuku shekara da shekaru yana jiran hukunci, ta sallami wanda ya yaudari ƙasa guda a kan naira 2,000? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Inda nake ganin aka ɓata shi ne an cusa abubuwa daban-daban cikin kalma ɗaya, wato “yafiya”, aka riƙa jayayya a kanta ba tare da an tambayi wanda aka yi wa laifin ba.

Malamanmu sun daɗe da warware wannan. Akwai haƙƙin Allah, akwai haƙƙin bayi. Zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, addini ya umarce mu da rufa masa asiri, ya kuma hana bin diddigin sirrin mutane. Zama gwamna ko sanata bai cire mutum daga wannan rahama ba, kuma wanda yake leƙen ɗakin ɗan siyasa domin ya samu makamin yaƙin zaɓe ba gyara ya zo yi ba. Amma da zarar laifin ya taɓa wani, ko ya taɓa amanar da aka damƙa, hukunci ya sauya. Sharuɗan tuba da ake karantar da mu tun a islamiyya su ne nadama, da daina laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan idan akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa shi da kansa. Wannan na ƙarshen shi ne 'yan siyasa suka fi tsallakewa.

Ƙissar Ka'abu ɗan Malik ta ishe mu misali. Ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira ba tare da uzuri ba. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna rantse-rantse suna kawo uzurin ƙarya, aka bar su da Allah. Ka'abu, duk da ya iya magana, ya ce ba shi da wani uzuri. Shi da Muraratu ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya aka ƙaurace musu kwana 50, ba mai amsa musu ko sallama, a kwana na 40 ma aka ce su nisanci matansu. Ana cikin haka sarkin Gassan ya aiko masa da wasiƙa yana cewa ya taho wurinsa a karrama shi, ya jefa wasiƙar a tanderu. Sai bayan wannan duka ayar karɓar tubarsu ta sauka a cikin Suratut Tauba, sahabbai suka yi ta tururuwa suna yi masa albishir. Gaskiya ta fara zuwa tun kafin a matsa masa, hukunci ya biyo baya, ya ɗauka bai nemi mafaka wurin abokan gaba ba, sannan yafiya ta zo cikakkiya, ba wanda ya sake goranta masa.

A Ingila ma an taɓa ganin abin da ya yi kama da haka ta wata fuskar. John Profumo, ministan yaƙi a gwamnatin Firayim Minista Harold Macmillan, ya yi hulɗa da wata budurwa, Christine Keeler, wadda kuma take da alaƙa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet a Landan. A watan Maris na 1963 ya tashi a majalisa ya ce babu wani abin ashsha tsakaninsu. A watan Yuni ya amsa cewa ƙarya ya yi, ya bar minista, ya bar majalisa. Ƙaryar da ya yi wa majalisa ita ta kayar da shi fiye da neman matan. Daga nan ya nufi Toynbee Hall, wata cibiyar taimakon talakawa a gabashin Landan, ya fara da wanke-wanke, ya shafe shekara 40 yana yi musu hidima da nemo musu kuɗi. Bai sake neman kujera ba, bai fito yana wanke kansa ba. A 1975 Sarauniya ta ba shi lambar girma saboda wannan aiki, ya mutu a 2006 da mutuncinsa.

Na shugaban Amurka Bill Clinton ya sha bamban, kuma watanni biyar kacal ya riga na Salisu ƙarewa. Ya musanta hulɗa da Monica Lewinsky, wata matashiyar ma'aikaciya a fadarsa, a Janairun 1998, ya amsa a Agusta, ya tsaya gaban limaman addini a Satumba ya ce ya yi zunubi. Majalisar Wakilai ta tuhume shi a Disamba da rantsuwa kan ƙarya da kawo wa shari'a cikas, Majalisar Dattawa ta wanke shi ranar 12 ga Fabrairun 1999. Ya ƙarasa wa'adinsa da farin jininsa, domin yawancin Amurkawa sun ɗauki maganar ta cikin gida ce. Duk da haka bai tafi salin-alin ba: alƙali ta ci shi tarar kimanin dala 90,000 saboda shaidar ƙarya, aka kuma dakatar da lasisinsa na lauya a jihar Arkansas shekara biyar. Ita kuwa yarinyar, wadda shekararta 22 lokacin da abin ya fara, ta daɗe tana ɗauke da abin kunyar ita kaɗai, sai da aka yi kusan shekara 20 kafin Amurkawa da yawa su yarda cewa an zalunce ta.

A nan gida, shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa afuwa ta fi saurin samun manya. Jonathan ya yi wa tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, afuwa a 2013. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba a 2022, suna tsaka da zaman ɗauri kan dukiyar jama'a. Kotu ta taɓa nuna haƙori sau ɗaya da ba a manta ba: ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa saboda takardun da mataimakinsa ya miƙa wa hukumar zaɓe. Su kuwa masu zaɓe, makamin da sashe na 69 ya ba su na yi wa ɗan majalisa kiranye yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar. Da aka gwada shi kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma a 2018, sa hannun kimanin kashi 5 cikin 100 na masu rajista kawai aka iya tantancewa, magana ta mutu.

Shekara 20 cif bayan hawayen Salisu, a watan Yulin 2019, aka sake ganin wasu hawayen. Jaridar Premium Times ta fitar da hoton bidiyo na kyamarar tsaron wani shago a Abuja, inda Elisha Abbo, sabon sanatan Adamawa ta Arewa kuma ɗaya daga cikin mafi ƙarancin shekaru a majalisar, yake zabga wa wata mata mari, ga ɗan sanda a tsaye. Abin ya faru ne tun kafin a rantsar da shi. Ƙasa ta ɗauki zafi, mata suka yi zanga-zanga, Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti. Abbo ya kira 'yan jarida ya ba da haƙuri cikin kuka. Amma da 'yan sanda suka gurfanar da shi a kotun majistare ta Zuba sai ya musanta laifin, kuma a 2020 kotun ta kori ƙarar, ta ce masu gabatar da ƙara ba su tabbatar da tuhumar ba.

A nan ne na fi jin ciwon al'amarin. Laifin Salisu ya watsu ne a kan miliyoyin mutane, shi ya sa ake iya ruɗewa a kan wa zai yafe. Na Abbo kuwa a kan fuskar mace ɗaya ya sauka, an san ta, tana da rai, tana iya magana. Duk da haka sai muhawara ta koma kan ko hawayen sanata na gaske ne, ko ƙuruciya ce, ko a bar shi tunda ya roƙi 'yan Najeriya. 'Yan Najeriya ba su aka mara ba. Haƙurin da aka ba kyamara bai isa ga mai haƙƙi ba matuƙar an koma kotu an ce ba a yi ba, kuma babu malami ko fasto ko shugaban jam'iyya da yake da hurumin yafewa a madadinta.

Matar ba ta zauna jiran kowa ba. Ta shigar da ƙara da kanta a babbar kotun birnin tarayya kan tauye mata haƙƙi, kuma a watan Satumban 2020 kotun ta umarci sanatan ya biya ta diyyar naira miliyan 50. Ya ɗaukaka ƙara, aka ci gaba da jan magana har watan Agustan 2023, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Shekara huɗu ke nan tana zarya.

A tsakanin nan Abbo bai bar kujerarsa ko na kwana ɗaya ba. Ya fice daga PDP ya koma APC a ƙarshen 2020, jam'iyyar ta ba shi tikiti, hukumar zaɓe ta sake bayyana shi sanata a 2023. A watan Oktoban shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke shi ta ba Amos Yohanna na PDP kujerar, kuma dalilin da ta dogara da shi lissafin ƙuri'u ne da saɓa dokar zaɓe. Maganar marin ba ta cikin hukuncin.