Koyar da Sauraro ga Masu Koyon Turanci

Koyar da sauraro reshe ne na koyar da Turanci a matsayin harshe na biyu, wanda ke horar da kunnen ɗalibi ya gane Turancin da ake furtawa da baki, a hira ko lacca ko rediyo ko ta waya. Yana cikin ƙwarewa huɗu da ake gina koyon harshe a kansu, tare da magana da karatu da rubutu. Shi ne kuma aka fi daɗewa ana yi wa riƙon sakainar kashi, don an ɗauka duk wanda ya san kalmomi da nahawu, ji zai zo masa da kansa. Malamai sun sha ganin akasin haka: ɗalibi ya karanta shafi guda ba tangarɗa, a kunna masa muryar wani yana faɗin abin da ke shafin nan, ya ce bai kama komai ba.

Tarihi

A ƙarni na 19 hanyar nahawu da fassara ce ta mamaye makarantun Turai, kuma ba ruwanta da kunne. Makarantar da Maximilian Berlitz ya buɗe a Providence ta Amurka a 1878 na cikin waɗanda suka fara dagewa a kan malami ya yi ta magana da harshen da ake koyo kaɗai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu rundunar sojan Amurka ta buƙaci mutanen da za su ji harsunan waje cikin gaggawa, kuma daga wannan horo ne hanyar ji-ka-maimaita ta samu ƙarfi a shekarun 1950 da 1960, da ɗakunanta masu rikoda da abin sawa a kunne. Sai dai a nan ma sauraro ɗan aike ne kawai. Ana sa ɗalibi ya ji jimla ne don ya maimaita ta, ba don ya fahimce ta ba.

James Asher na Jami'ar San José ya sauya lissafin a shekarun 1960. Malami yana ba da umarni, tashi, zauna, taɓa ƙofa, ɗalibai suna aikatawa ba tare da an matsa musu su buɗe baki ba, kamar yadda yaro ke jin magana tun kafin ya fara yin ta. A farkon shekarun 1980 masanin harshe Stephen Krashen ya kai wannan ra'ayi ƙarshensa, ya ce harshe na shiga ne idan mutum yana jin abin da yake ganewa, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan. An soki Krashen sosai, amma tun daga lokacin ba wanda ya ƙara ɗaukar sauraro a matsayin zaman banza.

Inda gizo ke saƙa

A rubuce, tsakanin kowace kalma da 'yar uwarta akwai fili. A baki babu. Magana tana zuwa ne a haɗe, kalma 150 ko fiye a minti ɗaya, kuma ba ta jiran kowa. Mai karatu zai iya komawa layin baya; mai sauraro da ya tsaya juya kalma guda a ransa, kafin ya dawo jimla biyu sun wuce shi.

Turanci yana da nasa tarkon. Harshe ne da ke danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi ya sassauta sauran, har wasalinsu ya koma wani gajeren sauti maras kama da masana ke kira shuwa, wanda shi ne wasalin da ya fi yawan fitowa a maganar Turanci. Ƙananan kalmomi irin su "to" da "of" da "and" kusan ba a furta su yadda ɗalibi ya haddace. "Want to" kan koma "wanna". "A name" da "an aim" suna iya zo wa kunne iri ɗaya. Bambancin "can" da "can't" a bakin Ba'amurke sau da yawa ba a harafin ƙarshe yake ba, a ƙarfin wasalin yake, kuma wanda bai san haka ba zai ji "zan iya" inda aka ce masa "ba zan iya ba".

Ɗan asalin harshen yana da dabarar da bai san yana da ita ba. Binciken Anne Cutler da David Carter na 1987 ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na kalmomi masu ɗauke da ma'ana a hirar Turancin Birtaniya da gaɓa mai ƙarfi suke farawa, don haka kunnensa na ɗaukar kowace gaɓa mai ƙarfi a matsayin alamar sabuwar kalma. Mai koyo kuwa yakan zo da ma'aunin harshensa na gado. Bafaranshe yana yanka magana gaɓa-gaɓa, ɗan Japan yana fama da raba "r" da "l", mai jin Sifaniyanci yana haɗa "ship" da "sheep". Ba rashin ƙoƙari ba ne, kunnen ne aka horar a wani wurin.

Sai yawan kalmomi. Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa ana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma tare da sauran sigoginta) 6,000 zuwa 7,000 kafin a san kashi 98 na abin da ake faɗi a magana. Wani bincike na van Zeeland da Schmitt a 2013 ya nuna kashi 95 kan wadatar a labarai na yau da kullum, abin da 2,000 zuwa 3,000 za su iya kaiwa. Sharaɗin dai shi ne a san kalmar da kunne, ba da ido kaɗai ba.

Yadda ake darasin

Tsarin da ya fi yaɗuwa kashi uku ne: shiri kafin sauraro, inda ake tattauna batun a ba da 'yan kalmomi, sauraron kansa, yawanci sau biyu, na farko don gundarin zancen, na biyu don cikakken bayani, sannan aikin bayan sauraro. Masana suna bambanta hanyoyi biyu da ƙwaƙwalwa ke bi. Ɗaya daga ƙasa take tasowa, daga sauti zuwa kalma zuwa jimla. Ɗaya kuma daga sama, inda mutum ke amfani da abin da ya riga ya sani game da batun ya cike giɓi. Gwani yana haɗa su biyun ne ba tare da ya lura ba.

Babban ƙorafin da ake yi wa wannan tsari, wanda John Field ya fi kowa fito da shi fili a 2008, shi ne auna fahimta yake yi, ba koyarwa ba. A kunna, a yi tambaya goma, a duba amsa, a wuce. Wanda ya ci huɗu ya san ya faɗi shida, amma bai san me ya sa ba, gobe ma haka za ta faru. Ƙorafin yana da tushe. Malamin da ya karɓe shi yakan tsaya a kan amsar da aka kuskure, ya tambayi ɗalibin me ya ji, ya sake kunna daƙiƙa biyar ɗin nan kaɗai, ya sa a ƙirga kalmomin da ke ciki. Wani ya ce huɗu, wata ta ce shida, sai a rubuta a allo a ga bakwai ne, ukun da suka ɓace duk ƙananan kalmomin nan ne da aka haɗiye.

Wannan ne ya dawo da martabar shifta, wadda aka taɓa yi wa kallon tsohon yayi. Akwai wani salonta da Ruth Wajnryb ta yaɗa a 1990: a karanta ɗan sakin layi da saurin magana na ainihi, ɗalibai su rubuta abin da suka tsinta, sannan su haɗu rukuni-rukuni su sake gina shi. Larry Vandergrift da Christine Goh kuwa sun fi mai da hankali ga koya wa ɗalibi lura da kansa, wato ya yi hasashen abin da zai ji, ya duba ko ya dace, ya gano inda ya ɓace.

Abin da ake saurara

Taƙaddama ce tsohuwa: a ba ɗalibi magana ta gaske da gargadarta da katsewarta, ko wadda aka sauƙaƙa? Muryar Amurka ta ɗauki hanya ta biyu a 1959, da shirinta na Turanci na musamman mai kalmomi kusan 1,500 da ake karantawa a hankali. Irin wannan yana ƙarfafa gwiwar mai farawa, amma wanda ya daɗe a kansa yakan sha mamaki ranar da ya shiga hira ta gaske. Intanet ta sauƙaƙa lamarin, tunda ɗalibi na iya rage saurin bidiyo ko ya kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan allo. Rubutun Turanci a kan maganar Turanci yana taimakawa wajen haɗa sauti da kalma, muddin daga baya an kashe shi an sake saurara.

Lafazin wa za a saba da shi ma ya zama batu, don masu amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu sun ninka 'yan asalinsa yawa. Jarrabawar IELTS, wadda ke auna ƙwarewar Turanci, tana haɗa lafuzza daban-daban, har da na Birtaniya da Ostareliya da Arewacin Amurka. Sashenta na sauraro kashi huɗu ne, tambaya 40 cikin kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna kowane kashi.