Bindigar Sten

Sten wata ƙaramar bindiga ce mai sarrafa kanta da Turawan Ingila suka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. An fara raba ta ga sojoji a 1941, kuma kafin a gama yaƙin an yi wajen miliyan 4. Sunan nata daga mutum biyun da suka zana ta aka ɗauko, Manjo Reginald Shepherd da Harold Turpin, wato S da T, sai EN ɗin da galibi ake cewa daga Enfield ne, masana'antar makamai ta gwamnati dake arewacin Landan.

Larura ce ta haife ta. A watan Mayu da Yunin 1940 Jamus ta rutsa da sojojin Ingila da Faransa a gaɓar Dunkirk, aka samu aka kwashe mutum sama da 338,000 ta ruwa, amma igwa da motoci da tarin makamai duk a can aka baro su. Ga shi ana jiran Jamus ta tsallako kowane lokaci. Akwai bindigar Thompson ta Amurka wadda Ingila ke saya, to amma tsada gare ta sosai, kuma sai an ɗauko ta a jirgin ruwa ta tekun da jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa ke farauta a ciki. Shi ne aka ce a yi wata a gida, ko ba ta yi kyau ba, in dai za ta yi harbi kuma za a iya yinta da yawa cikin gaggawa.

Kuma gaskiya ba ta yi kyan ba. In ka ga samfuri na biyu, Mk II, wanda shi aka fi yi har sama da miliyan 2, sai ka rantse wani mai walda ne ya haɗa ta a bakin titi, bututun ƙarfe ne kawai da sifirin a ciki, gindinta ɗan sandan ƙarfe, magazin ɗinta, wato gidan harsashi, kuma ta gefen hagu yake shiga a kwance. Nauyinta kilo 3 da ɗoriya, magazin na cin harsashi 32 mai milimita 9, irin dai wanda Jamusawa ke amfani da shi, tana iya fesa wajen 500 a minti ɗaya, amma in abu ya wuce mita 100 kar ma ka ɓata harsashinka. Kuɗin yin guda ɗaya bai wuce dala 10 zuwa 11 ba. Sojoji suka riƙa yi mata ba'a suna cewa aikin masu gyaran famfo ce.

Wannan sauƙin shi ne ya sa kusan kowa zai iya yinta. Ƙananan shaguna da garejoji suna buga sassa da injin matse ƙarfe, sai a kai manyan wurare irin su Fazakerley kusa da Liverpool da kamfanin BSA a harhaɗa, a Kanada ma ana yi a Long Branch kusa da Toronto. Harda kamfanin Lines Brothers, wanda sana'arsa kayan wasan yara ce, shi ya fito da samfuri na uku ya yi ɗaruruwan dubbai. Yawancin masu aikin kuwa mata ne, don maza sun tafi fagen fama, kuma a Disamban 1941 aka yi dokar da ta ba gwamnati damar kiran 'yan mata marasa aure masu shekara 20 zuwa 30 aikin yaƙi, ko soja ko masana'anta. Wadda jiya take aikatau a gidan wani ko tsaron kanti, yau ga ta da kayan aiki tana walda, a yi kwana a yi yini, jiragen Jamus na iya sako bam kowane dare, duk da haka albashinta bai kai na namijin dake gefenta ba.

Babban aibinta magazin ne. Harsasan suna jere layi biyu amma ta ƙofa ɗaya suke fita, da ƙura ta shiga ko bakin ya ɗan lanƙwashe sai ta cije, shi yasa gogaggun sojoji ba sa cika shi, sukan tsaya a 28 ko 30, kuma ana hana su riƙe magazin ɗin da hannu lokacin harbi. Wani abin haushin, bindigar da kan ƙi tashi sanda ake so takan tashi da kanta in ta faɗi ƙasa. Cijewar da aka fi sani ita ce ta birnin Prague ranar 27 ga Mayun 1942, sanda Jozef Gabčík, wani sojan ƙasar Czechoslovakia, ya tare motar Reinhard Heydrich, babban jami'in Nazi, ya ja kunama shiru, sai abokinsa Jan Kubiš ne ya jefa gurneti, raunin ya kashe Heydrich ranar 4 ga Yuni.

Duk da haka masu yaƙin sunƙuru a ƙasashen da Jamus ta mamaye sun so ta, don ana warware ta a ɓoye cikin jaka, Ingila ta riƙa jefa musu ita da laima daga jirgi, a Poland da Denmark da Norway ma sun ƙera tasu a ɓoye. Jamus kanta da abin ya ƙure mata a 1945 sai da ta kwaikwaye ta, ta yi MP 3008.

Ta je ƙasar Bama ma, wato Myanmar ta yanzu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japan, cikinsu akwai 'yan Arewa da yawa har Hausa ce yaren bariki, sai dai yawancin sojoji doguwar bindigar Lee-Enfield suke riƙewa. Daga 1953 Ingila ta fara maye gurbin Sten da bindigar Sterling, ita ma magazin ɗinta ta gefen hagu yake.