Zaman wanda aka cuta da wanda ya cuce shi: wa tsarin yake yi wa aiki?

Wai wannan tsarin na adalcin gyaran ɓarna, wato haɗa wanda aka cuta da wanda ya cuce shi don a gyara ɓarnar da aka yi, ba aikin kotu ba ne aka canza wa suna?

A'a, kotu tana nan da aikinta. Abin da kotu ke bi shi ne wace doka aka karya, wa ya karya ta, wane hukunci ya dace da shi. In ka lura da kyau wanda aka yi wa fashin ko aka fasa wa gida baya cikin tambayoyin nan, shi shaida ne kawai, a kira shi ya faɗi abin da ya gani lauyoyi su yi masa tambayoyi sannan a ce ya je ya zauna, shari'ar ma ai tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma. Shi kuwa wannan tsarin tambayoyinsa daban ne, kuma Howard Zehr ɗan Amurka yana cikin waɗanda suka fi yaɗa su tun wajen 1990: wa aka cutar, me yake buƙata yanzu, kuma a wuyan wa gyaran yake.

Daga ina abin ya taso?

Labarin da aka fi ambata shi ne na garin Elmira a Kanada a 1974, wasu samari biyu suka sha suka bugu suka bi gari suna fasa gilasai suna yanka tayoyin motoci, wurare 22 suka yi wa ɓarna a dare ɗaya. Jami'in da ke sa ido a kansu, Mark Yantzi, ya ba alƙali shawarar a sa su je su ƙwanƙwasa ƙofar kowane gida su fuskanci masu dukiyar, alƙali ya yarda, suka je suka ji asarar da suka jawo kuma suka biya. A 1989 Niyu Zilan ta sa taron iyali a cikin dokarta ta yara masu laifi, a 2002 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin yadda za a riƙa yinsa a shari'un laifi.

Toh shi ma'aikacin da aka ba kes ɗin, wato mai shiga tsakani, me yake yi takamaimai?

Nan ne fa aikin yake, don zaman da mutane ke hangowa a ransu, wanda ake haɗa mutum biyu a ɗaki ɗaya, galibi bai fi awa ɗaya ko biyu ba, amma shirin da ake yi kafin a kai wurin yakan ci makonni, in laifin babba ne kamar kisa ma ya haura shekara.

Kes yakan zo ne daga 'yan sanda ko kotu ko gidan yari, wani lokacin kuma wanda aka cutar ne da kansa yake nema. Abu na farko ma'aikacin zai tabbatar mai laifin ya amsa cewa shi ya aikata, in yana musu babu zancen zama, don ba wurin binciken gaskiya ba ne kuma babu zaluncin da ya kai a zaunar da mutum gaban wanda ya cuce shi yana ce masa ƙarya yake. Daga nan sai ya je wurin wanda aka cutar shi kaɗai, ya saurara, kuma sauraron ne rabin aikin domin da yawa tun ranar da suka ba da bayani a ofishin 'yan sanda babu wanda ya sake tambayarsu ya suke kwana.

Tambayoyin da ke damun mutane ba irin na kotu ba ne. Me ya sa ni? Ka daɗe kana bibiyata ne ko tsautsayi ne ya faɗa kaina? Za ka dawo? Ina zoben mahaifiyata da ka ɗauka? Wanda aka kashe wa ɗan'uwa kuma yakan so sanin ko ya yi magana kafin ya cika, ko ya sha wahala. Babu lauya ko alƙalin da ke da waɗannan amsoshin, mutum ɗaya ne a duniya ya sani.

Ma'aikacin zai yi ta zirga-zirga tsakanin ɓangarorin biyu yana auna haɗari, ko mai laifin yana neman hanyar tsoratarwa ne, ko wanda aka cutar lafiyar ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki zaman, ko akwai dangin da ke matsa masa lamba. Har ƙananan abubuwa ake tsarawa, wa zai fara shiga ɗakin, wa zai zauna kusa da ƙofa, wa zai raka kowa, da wane suna za a kira mutum, in abin ya yi zafi wace alama za a yi a dakata. Wani zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma mutumin da aka ƙwace wa iko da rayuwarsa a dare ɗaya, ba shi zaɓin kujerar da zai zauna ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ba dole sai ido da ido ba. Akwai wasiƙa, akwai saƙon bidiyo, akwai wanda ma'aikacin ne zai kai tambaya ya dawo da amsa. In an cimma yarjejeniya, misali biyan diyya ko shiga shirin daina shaye-shaye ko alƙawarin ba zai sake bi ta layin gidan ba, ma'aikacin ne zai bi diddigi ya riƙa sanar da wanda aka cutar ko an cika ko ba a cika ba.

Kenan dole sai na yafe masa?

Ko kaɗan. Yafiya taka ce, in ka ga dama ka yi in ba ka ga dama ba ka riƙe abarka, kuma duk ma'aikacin da ya fara cewa ka yi haƙuri ka dubi yarintarsa ya bar aikinsa ya koma lauyan mai laifi. A ganina nan ne tsarin ya fi saurin lalacewa, a mai da wanda aka cutar kamar maganin gyara halin wanda ya cuce shi, a kawo shi don yaro ya ji kunya ya shiryu, shi kuma a sallame shi da ciwonsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2012 kan haƙƙin waɗanda aka cutar ta faɗa ƙarara cewa ba za a yi wannan zaman ba sai in maslahar wanda aka cutar ce, da yardarsa bayan an yi masa cikakken bayani, kuma yana da damar janyewa a kowane lokaci, ko da an riga an jera kujeru.

Ba dabara ce ta a rage masa hukunci ba?

Ya danganta da ƙasa da kuma lokacin da aka yi. A Niyu Zilan akan yi shi kafin yanke hukunci kuma alƙali yana duba sakamakon zaman. A Ingila kuwa da yawa a cikin gidan yari ake yi bayan an gama shari'a, zaman ba ya canza shekarun da alƙali ya yanke. Haƙƙinka ne ka tambaya tun farko me mai laifin zai amfana da shi, kuma wajibi ne a gaya maka gaskiya.

Yana amfani kuwa ko dai daɗin baki ne?

Binciken da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, wanda Farfesa Joanna Shapland ta jagoranta, ya nuna kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka cutar da suka yi zaman ido da ido sun gamsu, yawan sake aikata laifi kuma ya ragu da kashi 14 cikin 100. Wani binciken a Landan kan waɗanda aka yi wa fashi ko aka fasa wa gida ya gano alamun firgici sun fi raguwa a waɗanda suka yi zaman. Sai dai a tuna, duk mutanen nan su suka yarda su shiga, ba a ce kowa aka kai zai ji haka ba, kuma kashi 85 na nufin akwai waɗanda suka fito ba su ji daɗi ba, galibi inda mai laifin ya zo yana kame-kame.

Fyaɗe da dukan mace a gida fa?

Nan ana taka-tsantsan sosai, kuma masana kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Mai dukan matarsa ya saba ba da haƙuri ya sake, ban haƙurin ma yana cikin makamansa, kuma kallo ɗaya zai yi mata ta gane barazanar da babu wanda ya gani a ɗakin. Sifaniya ta hana sasanci a irin waɗannan shari'un a dokarta ta 2004, yarjejeniyar Istanbul ta 2011 kan yaƙi da cin zarafin mata a ƙasashen Turai kuma ta hana tilasta shi. Amma akwai matan da su da kansu suke nema, wani lokacin bayan shekaru masu yawa, suna son su faɗa masa abin da ya yi musu da bakinsu. Inda ake yarda a yi, sai ƙwararru biyu da suka san wannan fannin, kuma buƙatar daga wurinta za ta fito ba daga wurinsa ba.

In mai laifin ya ƙi, ko ba a ma kama shi ba?

Yana faruwa sosai, shi ya sa ma'aikaci mai hankali ba ya yi wa kowa alƙawarin zama tun ranar farko, don ƙin amsawar kan zama wani sabon ciwo. In hakan ta faru kes ɗin bai kamata a rufe shi haka nan ba. Wasu sukan rubuta wasiƙar da ba za a aika ba, wasu shirye-shiryen sukan haɗa mutum da wani fursunan da ya aikata irin laifin don ya yi tambayoyinsa, sannan ma'aikacin ya haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa ko masu taimakawa wajen neman diyya in ƙasar tana da asusun hakan.