Martanin 'Yan Kallo ga Finafinan Soyayyar Zamanin Da Masu Nuna Tsiraici

Finafinan soyayyar zamanin da masu nuna tsiraici reshe ne na finafinan tarihi. Ana gina labarinsu a kan wani zamani da ya shuɗe, da tufafinsa da gidajensa da al'adunsa, sannan a fito da sha'awa da kwanciyar masoya a fili maimakon a sakaya. Galibinsu daga littattafan adabi ake ciro su. Sun bambanta da finafinan batsa zalla ta fuskar cewa a manyan gidajen sinima da bukukuwan baje kolin finafinai ake nuna su, har wasu kan ci kyaututtuka. Tarihin martanin da suka samu ya nuna cewa ƙura ta fi tashi a kan waɗanda suka yi soyayyar, da ko labarin ya hukunta su a ƙarshe, fiye da yawan jikin da aka gani.

Zamanin takunkumi

A Amurka, kamfanonin Hollywood sun amince da wani kundin ƙa'idoji a 1930, wanda aka fi sani da sunan Will Hays, amma sai a 1934 aka fara aiki da shi gadan-gadan a ƙarƙashin Joseph Breen. Kundin ya hana tsiraici, ya kuma ce idan labari ya buƙaci cin amanar aure, to kada a ƙawata shi ko a ba shi hujja. A daidai wannan lokaci mabiya ɗarikar Katolika suka kafa ƙungiyar Legion of Decency, wadda ke auna finafinai tana sanar da mabiyanta wanda ya halatta su kalla. Ta wannan hanya ra'ayin 'yan kallo ya samu murya mai tsari, wadda kamfanoni ke shakka saboda tana iya taɓa aljihunsu.

Misalin da aka fi kawowa daga wannan zamani shi ne Forever Amber na 1947, wanda Otto Preminger ya ba da umarni, Linda Darnell ta fito a matsayin jaruma. Labarin wata 'yar ƙauye ce a Ingila zamanin Sarki Charles na Biyu, wadda ta riƙa hawa matakin arziki ta hannun mazan da take hulɗa da su har ta kai fada. Littafin da aka ciro shi, na Kathleen Winsor, ya fito a 1944, kuma an hana sayar da shi a wasu sassan ƙasar. Fim ɗin bai nuna wani abin a zo a gani na tsiraici ba, amma duk da haka ƙungiyar Legion of Decency ta sa shi a jerin haramtattu, Kadinal Francis Spellman, shugaban Katolika na New York, kuma ya gargaɗi mabiyansa da su guje shi. Jama'a sun yi tururuwa zuwa kallo a makonnin farko. Daga baya kamfanin Fox ya sassauto: ya yanke wasu kalamai, ya ƙara jawabin gabatarwa mai nuna cewa sakamakon zunubi ba ya da kyau, sai aka sauke hukuncin zuwa mataki mai sauƙi.

Labarin Lady Chatterley a gaban kotuna

Babu labarin da ya sha shiga kotu a wannan fage kamar littafin Lady Chatterley's Lover na D. H. Lawrence, wanda aka fara bugawa a birnin Florence na Italiya a 1928. Labarin matar wani mai sarauta ce da mijinta ya dawo daga yaƙin duniya na ɗaya a shanye, ta faɗa soyayya da mai gadin dajin gidansu. Marc Allégret ya mai da shi fim a Faransa a 1955, Danielle Darrieux ta fito a matsayin jaruma. Hukumomin jihar New York sun hana shi lasisi, kuma hujjarsu ita ce fim ɗin ya nuna cin amanar aure a matsayin abin so. A watan Yunin 1959 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hanin, ta ce kundin tsarin mulki ya kare bayyana ra'ayi ko da mafi yawan jama'a ba sa ƙaunarsa.

Shekara guda bayan haka aka gurfanar da kamfanin Penguin a Landan kan buga cikakken littafin. Masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke kamfanin ranar 2 ga Nuwamban 1960, kuma kwafe 200,000 na bugun farko suka ƙare a ranar da aka fitar da su. A wannan shari'a ce lauyan gwamnati ya tambayi masu hukuncin ko littafi ne da za su so matansu ko barorinsu su karanta, tambayar da ta zama abin dariya, ta kuma tona cewa bambancin aji tsakanin masoyan na cikin abin da ke damun masu ƙarar. A Japan kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifin mai fassara da mawallafi a 1957, haka ma Kotun Ƙolin Indiya ta goyi bayan hukunta wani mai sayar da littafin a 1964.

An sake shirya labarin sau da dama. Na 1981, wanda Sylvia Kristel ta fito a matsayin jaruma, bai burge masu sharhi ba. Na Pascale Ferran na 2006 ya lashe kyautar César ta gwarzon fim a Faransa, na 2022 kuma Netflix ce ta fitar da shi.

Tambarin shekaru

A 1968 aka maye gurbin kundin Hays da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo. Harafin X da aka ware wa manya bai daɗe ba masu finafinan batsa suka mamaye shi, har ya zama abin kunya ga duk daraktan da ke son a ɗauke shi da muhimmanci. Don haka a 1990 aka ƙirƙiro tambarin NC-17 na manya zalla a madadinsa, kuma fim na farko da ya ɗauke shi na wannan reshe ne: Henry & June na Philip Kaufman, wanda aka gina a kan rayuwar marubuta a Faris na farkon shekarun 1930. Sauyin bai yi wani tasiri ba. Jaridu da dama sun ƙi karɓar tallan finafinai masu wannan tambari, wasu gidajen sinima sun ƙi nuna su, kamfanin hayar kaset na Blockbuster ma ya ƙi ajiye su. Tun daga nan kamfanoni suka gwammace su rage daƙiƙu kaɗan don samun tambarin R, wanda ke barin matasa su kalla idan suna tare da babba.

Asiya

A 1976 Nagisa Oshima ya shirya fim a kan wani kisan soyayya da ya girgiza Tokyo a 1936. Saboda dokar hana batsa ta Japan, sai da aka kai hotunan fim ɗin zuwa Faransa aka wanke su, kuma a gida an nuna shi ne da wurare a dusashe. An gurfanar da Oshima kan littafin da ya ƙunshi hotunan fim ɗin, kotu ta wanke shi.

Kama Sutra na Mira Nair, wanda ya fito a 1996 kuma aka gina a kan Indiya ta ƙarni na 16, ya ɗauki lokaci yana ja-in-ja da hukumar tace finafinai kafin a sake shi a ƙasar wajen 1998, bayan yanke-yanke.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Lust, Caution na Ang Lee, da ya lashe babbar kyautar bikin Venice a 2007. Labarin wata ɗaliba ce 'yar gwagwarmaya da aka tura ta yaudari wani jami'i mai yi wa Japan aiki a Shanghai lokacin mamaya, don a kashe shi, sai zuciyarta ta karkata gare shi. A babban yankin Sin an cire kimanin minti bakwai, abin da ya sa mutane suka riƙa ƙetarawa Hong Kong don ganin cikakken fim ɗin, wasu kuma suka nemi kwafen sata. Sukar da ta fi zafi ta masu kishin ƙasa ce, waɗanda suka ce an ƙawata maci amana an kuma zubar da mutuncin 'yan gwagwarmaya. A 2008 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta sa aka daina nuna jarumar, Tang Wei, a talabijin da tallace-tallace. Abokin fitowarta namiji bai fuskanci irin wannan ba.

Ire-iren martani

Masu yabo sukan ce tsananin al'adun zamanin da, inda ko riƙe hannu abin magana ne, shi ke ƙara wa soyayyar nauyi, kuma kyawun sutura da kiɗa da hoto na ɗaga fim ɗin sama da batsa. Masu suka ta fuskar addini da tarbiyya suna ganin kayan tarihin lulluɓi ne kawai da aka yi wa alfasha. Akwai rukuni na uku, masu son tarihi, da kan yi ƙorafin cewa an cusa wa mutanen da tunani da ɗabi'un mutanen yau.

Batun ko kyamara na kallon mace da idon namiji ne, wanda mai nazarin finafinai Laura Mulvey ta yi fice da shi a maƙalarta ta 1975, har yanzu ana muhawara a kansa.

Zamanin intanet

Kallo a waya da talabijin na gida ya kawar da kunyar sayen tikiti a bainar jama'a, kuma martani ya koma shafuka irin su IMDb da Letterboxd, inda ake ba da maki ana rubuta gajeren sharhi. Netflix ta ce gidaje miliyan 82 ne suka kalli zangon farko na shirin Bridgerton cikin kwana 28 bayan fitowarsa a ƙarshen 2020. Daga wajen 2018 manyan kamfanoni, HBO a kan gaba, suka fara ɗaukar ƙwararru masu tsara fitowar kwanciya da kare haƙƙin jarumai, kuma 'yan kallo kan tambayi ko an yi amfani da su. Wani bincike na jami'ar UCLA a 2023 ya gano cewa kusan rabin matasan Amurka da aka tambaya suna ganin yawancin labarai ba sa buƙatar irin wannan fitowa.