Waiwaye: Yadda Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Najeriya Ke Aron Idanun Masana

A shekarar 1995, ƙarƙashin mulkin Janar Sani Abacha, aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 22. A cikin shekarar ne kuma aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare al'ummar Ogoni, da abokan gwagwarmayarsa takwas a Fatakwal, har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth. Shi ya sa mutane da dama suka ɗauki hukumar a matsayin ado kawai, wani abin da za a nuna wa Turawa don su sassauta.

Shekarunta na farko ba su kawar da wannan zato ba. Sakatarenta na hannun ministan shari'a, kuɗinta ma daga ma'aikatarsa suke fitowa. A 2006 aka sauke Bukhari Bello daga kujerar sakatare bayan ya soki yadda jami'an tsaro ke takura wa 'yan jarida, abin da ya jawo aka rage wa hukumar daraja a idon duniya. Sai da aka yi wa dokarta gyaran fuska a 2010 sannan ta samu gashin kanta: kasafinta ya rabu da na ma'aikatar, ta samu ikon kiran shaidu da ziyartar wuraren tsare mutane, hukuncinta kuma ya zama ana iya zartar da shi kamar na babbar kotu.

To amma iko a takarda ba ya tono gaskiya. Ma'aikacin ofis a Abuja ba zai iya karanta rajistar asibiti ya gane inda aka yi coge ba, haka nan ba zai san yadda umarni ke sauka daga kwamanda zuwa kurtu ba. Nan ne hukumar ta koyi ɗabi'ar da ta zame mata jiki, wato aron ido. A Borno da Yobe da Adamawa ta baza masu sa ido a sansanonin 'yan gudun hijira tare da tallafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suna tattara koke-koke suna aikawa. Idan magana ta yi girma kuma, sai ta kafa kwamiti na musamman, ta ɗora tsohon alƙali a kai.

Kisan Apo ne ya fara nuna cewa zaman sauraron shaidu na iya haifar da ɗa mai ido. A watan Satumban 2013 sojoji da jami'an tsaron farin kaya suka afka wa wani kango a unguwar Apo da ke Abuja, inda galibi 'yan Keke Napep ke kwana, aka ce 'yan Boko Haram ne. Mutum 8 suka rasu, 11 suka jikkata. A 2014 hukumar, lokacin Chidi Odinkalu na shugaban majalisar gudanarwarta, ta ce babu hujjar wannan zargi, ta umarci gwamnati ta biya diyyar naira miliyan 135. An biya, amma sai a 2018. Shekara huɗu iyalan mamatan suna jira.

Kwamitin da ya fi nuna amfanin masana shi ne na arewa maso gabas. A Disambar 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa cewa sojoji sun zubar da cikin mata aƙalla 10,000 a ɓoye tun daga 2013. A Fabrairun 2023 hukumar ta ƙaddamar da kwamitin mutum 7 ƙarƙashin Mai Shari'a Abdu Aboki, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli. A cikinsu akwai likitar mata, da masaniyar halayyar ɗan adam, da lauya, da kuma tsohon soja, Manjo Janar Letam Wiwa mai ritaya, ƙanin Ken Saro-Wiwa. Ikon Allah ke nan, tarihi ya zagayo.

A Nuwambar 2024 kwamitin ya ce bai samu shaidar wani shirin zubar da ciki ba, amma ya ɗora wa sojoji alhakin kashe fararen hula, har da ƙananan yara, a ƙauyen Abisari da ke ƙaramar hukumar Marte a 2016. Reuters ta ce tana nan kan bakanta.

Abin da ke damuna a wannan tsari shi ne masani ba ya ganin sai abin da aka buɗe masa ƙofa ya gani. Matar da ta fito daga hannun 'yan tayar da ƙayar baya, take zaune a garin da soja ke gadinsa, ba lallai ta tsaya gaban alƙali da 'yan jarida ta faɗi abin da ya same ta ba, komai ƙwarewar likitar da ke zaune a kan teburin. Sannan ita kanta hukumar ta zauna daga 2015 zuwa 2021 babu majalisar gudanarwa, wadda ita ce doka ta ba ikon yanke hukunci, domin fadar shugaban ƙasa ba ta naɗa ba.