Ma'anar "sabon mulkin mallaka", daga bakin kududdufan kuza na Jos

Tun da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a watan Yulin 2023, suka kuma sallami sojojin Faransa, kalmar nan ta shiga bakin mutane. A teburin mai shayin da nake zama a titin Bauchi, nan Jos, har ta kai ko burodi ne ya ƙara kuɗi sai ka ji wani ya ce ai sabon mulkin mallaka ne. Wasu kuma "mulkin mallaka na zamani" suke cewa. Wata safiya wani dattijo ya tare wani ɗalibin jami'a da ya cika faɗinta, ya ce, "Yaro, Bature ya tafi tun 1960, da wayona aka sauke tutarsa. Wa kuma ya mallake ka?" Yaron ya russuna ya ce, "Baba, ai tutar kaɗai ya ɗauke." Amsar ba ta da laifi, sai dai tana buƙatar warwara.

Mulki da mallaka duk tushensu ɗaya ne a Larabci. Mulkin mallaka shi ne wata ƙasa ta zo ta riƙe taka kamar gonarta: gwamna nata, haraji nata, abin da ke ƙarƙashin ƙasa ma nata. Haka Sifaniya da Fotugal suka yi wa Kudancin Amurka tun daga ƙarni na 16, haka Ingila ta yi wa Indiya, sannan a taron Balin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka tsara yadda za su yi wasoson Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba.

Mu 'yan Jos ba sai mun buɗe littafi ba. Kuza ce ta kafa garin nan. Kafin Bature ya zo, maƙeran Liruwe sun daɗe suna narka ta da kansu, fatake na kai ta kasuwanni. A farkon ƙarnin da ya wuce Kamfanin Neja ya bi sawunta har ya iske inda ake samunta a kan tsaunin nan. Da fari a ka ake ɗaukarta, 'yan dako su yi kwanaki a ƙafa zuwa Loko a bakin Binuwai. Daga baya aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Zariya, ya iso nan a 1914, sannan a 1927 aka haɗa Jos da layin Fatakwal ta Kafanchan. Duba taswirar layin dogon yawancin ƙasashen Afirka ta wancan zamani, za ka ga daga mahaƙa ko gona ya taso, bakin teku ya nufa. A Ingila ake narka kuzar. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai aka shiga ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Sanyin Jos da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. Abin da aka bar mana shi ne ramukan da ruwa ya cike a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda har yau suke cin yara da dabbobi.

To, wannan tsohon ke nan. Sabon fa?

Wanda ya fi yayata kalmar shi ne Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, a littafin da ya fitar a 1965, kafin a hamɓarar da shi a 1966. Abin da yake nufi shi ne ƙasa tana da tuta da taken ƙasa da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma akalar tattalin arzikinta, wadda kuma ita ke jan siyasarta, tana hannun wasu a waje. Babu Di'o, babu Razdan, wato jami'an mulkin Bature. Farashi da bashi da kuɗi ne ke yin aikinsu. Latin Amurka ma ta riga mu ɗanɗanawa: yawancin ƙasashenta sun sami 'yanci tun a shekarun 1820, amma a 1954 da shugaban Gwatamala Jacobo Arbenz ya taɓa filayen wani kamfanin ayaba na Amurka, hukumar leƙen asirin Amurka ta taimaka aka kifar da shi.

Babbar alamarsa ita ce ka sayar da ɗanye, ka sayi sarrafaffe, kuma ba kai ke yanka farashin ko ɗaya ba. Gana da Kwaddibuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya, manyan kamfanonin cakulan kuwa suna Turai da Amurka. Nijeriya ta shafe shekaru tana fitar da ɗanyen mai tana shigo da fetur. Kuzar Jos sai a farkon shekarun 1960 aka gina mata masana'antar narkawa a Makeri, bayan an riga an ci moriyar ganga. Ko a lokacin, a kasuwar ƙarafa ta Landan ake yanke farashi, kuma da ya rushe a 1985 sai abin da ya rage na harkar a nan ya bi shi.

Sefa ce misalin da 'yan'uwanmu na Nijar suka fi ambata, kuma suna da hujja. Faransa ce ta ƙirƙiro ta a 1945. Ƙasashe 14 ke amfani da ita, a Faransa ake buga ta, an kuma ɗaure ta da yuro: sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Shekara da shekaru rabin ajiyar kuɗin waje na waɗannan ƙasashe yana baitulmalin Faransa, kafin a ɗage wa na Afirka ta Yamma wannan sharaɗi bayan yarjejeniyar 2019. Ɗan kasuwar da ya ga yadda naira ta zube zai ce maka ɗaurin nan ma rahama ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai wanda aka ɗaure wa kuɗi ba shi da ikon sassauta shi ranar da yake buƙata. Bashi ma haka: waɗanda suka ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zamanin Babangida sun san yadda sharuɗɗan Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suke shiga har cikin tukunya.

Inda nake rabuwa da ɗalibin nan shi ne yadda kalmar ta zama bargon rufe laifi. Ba Bature ne ya hana matatun Kaduna da Warri da Fatakwal aiki ba. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945, yau Koriya ta Kudu ce ke sayar mana da waya da mota. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, Tarayyar Turai ta kai ƙararta, ita kuwa ta tsaya a kan bakanta, masana'antun narkawa suka biyo ma'adinin gida, ko da yake yawancinsu da jarin Sin aka gina su. Wannan ma abin lura ne. Kalmar ba ta keɓanta da Faransa ko Ingila ba. Mai korar wani ya rungumi wani a kan sharuɗɗa iri ɗaya, canjin ubangida kawai ya yi.

Kwanan baya na bi ta wajen Bukuru, na tsaya bakin wani tsohon kududdufi. Mata na tsaye cikin ruwa har gwiwa, suna jujjuya yashi a kwano har baƙar kuzar ta kwanta a ƙasa. Gefe guda maza na zura ɗan'uwansu cikin rami da igiya. Mai saye na zaune a kan babur da sikelinsa. Wata ta kawo nata a leda, ta ce, "Alhaji, jiya ba haka ka saya ba." Ya ɗaga mata wayarsa ya ce kasuwa ce ta sauka a Landan. Ta ɗan yi shiru, ta miƙa masa ledar, ya ɗora a sikeli.